Gidan Kan Kwana

Mai aski ya fi kowa sanin ƙeya. Shi ya sa idan aka ce da-na-sani ƙeya ce, nakan ce a bar mini wannan maganar, fannina ne. Na aske ƙeyoyi iri-iri a shagona, amma ban taɓa riƙe wadda ta tara da-na-sani kamar ta abokina Hange ba.

Hange mai sayar da tabarau ne, teburinsa na daura da ƙofar shagona. Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa, don ba ya gama zance bai ce "mu masu hangen nesa" ba. Tabarau uku yake yawo da su, ɗaya a hanci, ɗaya a goshi, ɗaya rataye a wuya, amma duk ranar Allah sai ya yi tuntuɓe da dokin ƙofata. Ina son mutumin, ba zan ɓoye ba. Ba shi da mugunta, sai dai an ba shi baki kafin a ba shi kunne.

Wata rana da hantsi ya shigo, ya yi tuntuɓen da ya saba, ya tsallake mutanen da ke jiran layi ya haye kujera.

"Wanzam, yi mini askin masu gidaje."

"Wane iri ne shi kuma?"

"Wanda in ɗan haya ya gani zai tuna wata ya ƙare."

Na ɗaura masa ƙyalle na kunna inji. Ban kai ga kunnensa ba ya ce, "Na sayar da gidana."

Na kashe injin. "Wanda kuke ciki?"

"Shi. Gidan da kake kwana a ciki ai ba dukiya ba ne, akwati ne. Shekara nawa ina cikinsa? Ya taɓa cewa ungo wannan ka sayi sabulu? Gida na gaskiya shi ne wanda yake haihuwa."

"To yanzu ina za ku kwana?"

"A kan kwana!" Ya buga cinya yana dariya shi kaɗai. "Gida na samu a kan kwana, Wanzam. Fuska biyu. Titi ta nan, titi ta can. In fasa katangar gaba in fitar da shaguna uku, in zuba 'yan haya, haya ta haifi bene, bene ya haifi wani benen. Kafin nan za mu ɗan fake a garejin wan matata. Kuma kada ka so ka ji yadda na same shi da araha."

Wani tela da ke kan benci ya ce, "Araha fa ba ta ado."

"Ni ba ado na je saye ba."

"Ka tambayi maƙwabta abin da ya sa mai shi yake neman rabuwa da shi?"

Hange ya juyo har ƙyallen ya zame. "Ka ji matsalarku ke nan. Bari in ba ku ilimi kyauta. Maƙwabci ba ya faɗin alherin gidan da ya kasa saye. In za ka sayi gida, ka je sau ɗaya, ka duba da idon basira, ka biya kafin wani ya riga ka. Masu yawan tambaya su ne har yau suke biyan haya."

Tela ya kau da kai, don shi ma haya yake biya.

Da la'asar sai ga matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta tsaya daga bakin ƙofa. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mutum biyu ba. Ranar idanunta sun yi ja.

"Don Allah ka bi shi ka gano mana wurin nan," in ji ta. "Sai da ya sa hannu ya karɓi kuɗi sannan ya gaya mini. A gidan nan na haifi 'yan matan nan. Lemon da na dasa a tsakar gida bana ya fara 'ya'ya. Ni ban ce ina son bene ba. Ƙofar da zan rufe in ce tawa ce, ita kaɗai nake so."

Maganar ta tsaya mini a rai. Washegari na rufe shago na bi shi.

Dillalin da ya haɗa cinikin ana ce masa Bakin Zuma, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba. Ya kai mu wata unguwa a bayan gari. Titi ne ya taso daga kan wani dogon tudu, ya miƙo gangara santal, da ya iso ƙasa sai ya karya kwana lokaci guda. To a daidai gwiwar kwanar nan gidan yake tsaye, ya fuskanci gangarar kamar mai tsaron raga yana jiran a buga masa ƙwallo.

Unguwa shiru. Awaki kwance a tsakiyar kwalta suna tuƙa. Wata mata ta shanya wanki a igiyar da ta ɗaura daga wannan gefen titin zuwa wancan.

"Ranka ya daɗe, ka ji shiru?" in ji Bakin Zuma. "Irin wannan natsuwar sai manya."

Ni kuwa katangar nake kallo. Nan bulo sabo, can tsoho, nan fenti shuɗi, can ruwan ƙasa, kamar rigar da ta sha faci. Na ce, "Wannan katangar fa? Kamar an sha gina ta."

"Ado ne," in ji Bakin Zuma.

"Ado ne mana," in ji Hange. "Kai aski ka sani."

Ya ja ni ya nuna mini tsallaken titi. Mai fanel bita ne da rumfarsa, kusa da shi mai sayar da gilashin mota, sai mai janwe ya ajiye motarsa ta jan motoci, daga ƙarshe wani tsoho mai ɗori yana zaune a kan tabarma da tarin karare da bandeji. Dukkansu sun yi ƙiba, sai dai ga alama kwana biyun nan ba ciniki.

"Ka gani?" in ji Hange. "Inda sana'o'i suka taru, nan kuɗi yake kwance. Mutanen nan ba banza ta tara su a nan ba."

Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Tsohon mai ɗori ya ɗaga hannu ya yafito mu. "Ɗana, kai ne sabon mai gidan? To Allah ya sa ka fi na baya daɗewa. Amma da ka bari sai an gama gyaran kwalbatin bayan tudu, an buɗe hanya, ka zo ka yini a nan ka ga..."

"Baba, mun gode," in ji Hange. Ya juyo ya kashe mini ido. "Ka ji ta ko? Hassada. Tun ban tare ba."

Bakin Zuma ya kama tari, ya ja shi ciki don ya nuna masa rijiya. Ni na tsuguna wajen tsohon na ji sauran. Duk manyan motocin da ke shigowa gari ta nan suke bi. Gyaran kwalbati ne ya sa aka karkatar da su. Wadda birkinta ya riƙe ta sha kwana, wadda bai riƙe ba ta shiga gidan. Mai gidan na baya, in ji tsohon, har ya daina sa ƙofa, labule yake ratayawa.

Na shiga da gudu na gaya wa Hange. Ya sauke tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci ya dube ni sama da ƙasa.

"Har da kai, Wanzam? To na biya tun da safe."

Mai rabon shan duka ba ya jin bari. Aka fasa katanga, aka fitar da shaguna uku, aka shafe su da fenti ruwan ganye. Iyalinsa suka kwashe kaya suka koma garejin Yaya, wan Maman 'Yan Biyu, inda gado da tukwane da jakunkunan makarantar yara suka haɗu da warin tsohon man mota. Yaya ya ce su zauna, amma ya yi odar kaya, ranar da suka iso yana son garejinsa. Hange ya ce kafin kayan su iso shi yana hawa na biyu.

Ɗan haya na farko mai sayar da tangaran ne. Ya jera farantai da kofuna da jug-jug na gilashi har rufi, suna ƙyalli. A makon da ya buɗe, a makon aka buɗe hanya.

Abin ya fara da sauƙi. Kurar mai ruwa ce ta ƙwace daga hannunsa a kan tudu, ta gangaro ita kaɗai da jarkokinta, ta shiga shagon ba sallama. Mai tangaran ya kira Hange a waya yana kuka. Hange ya zo ya tsaya a kan fasassun farantai ya ce, "Wannan ai tsautsayi ne. Kuma ruwa alheri ne."

Bayan kwana biyu babur mai ƙafa uku ya biyo sawu, ya ƙarasa kofunan. Mai tangaran ya tattara abin da ya rage a leda ɗaya ya tafi, bai ko tsaya neman ragowar hayarsa ba, ya ce ya bar wa Allah.

"Ƙaramin ɗan kasuwa ne," in ji Hange a shagona. "Ba shi da juriya. Matsalar kawai direbobi ba su san akwai gida a wurin ba. Sanarwa za a yi."

Ya sa aka rubuta allo aka kafa a tsakiyar gangara: DON ALLAH DIREBA A RAGE GUDU DOMIN AKWAI GIDAN MUTANE DA SHAGUNAN HAYA MASU ARAHA A GABA, A TUNTUƁI MAI GIDA. Da yake maganar ta yi wa allon yawa, sai mai rubutu ya ƙanƙanta baƙaƙen. Direba na farko da ya ƙura ido don ya karanta, da allon ya taho a gilashinsa, suka shiga shago na biyu tare. Ya fito yana dafe da kai yana cewa, "Wallahi ban ga me aka rubuta ba."

Hange ya cire tabarau na wuyansa ya sayar masa nan take. Da yamma ya zo yana ba mu labari cewa gidan ya fara haihuwa.

Daga nan sai tayoyi. Ya sayi tsofaffin tayoyin tirela ya jibge a gaban shagunan, ya ce ya ga ana haka a inda ake tseren motoci. Wata tasi ta gangaro ta daki tayoyin, suka cilla ta da baya, ta tsallaka titi ta shige rumfar mai fanel bita ta tsaya daidai inda ake aiki. Mai fanel bita ya aiko wa Hange da lemon kwalba da saƙon godiya, ya ce tun da yake sana'a ba a taɓa kawo masa mota har kan gado ba. Mai janwe kuwa ya daina gaishe shi, don an tare masa abinci.

Ana cikin haka ya samu ɗan haya na biyu, wani mai kemis baƙo da bai san unguwar ba. Don ya kwantar masa da hankali, sai ya kira birkila suka gina tudun siminti a kan kwalta, irin na rage gudu, sai dai nasa ya kusa kai gwiwa.

Na ce, "Hange, wannan tudu ne ko kabari?"

"Ƙarami ai raina shi za su yi."

Ba su raina shi ba. Wata akori-kura ɗauke da buhunan fulawa ta taka shi. Motar ta tsaya cak, wannan kam ya yi aiki, amma buhunan ba a gaya musu za a tsaya ba. Suka wuce ta saman kan direba suka shiga kemis. Mai kemis ya fito fari fat tun daga gashi har takalmi, idanu kawai ke motsi, yara suka watse suna ihun fatalwa. Da ya samu bakin magana ya ce da Hange, "Mai gida, akwai maganin komai a shagona, ban da na gidanka."

Kashegari ma'aikatan hanya suka zo suka fasa tudun, suka tafi da Hange ofishinsu ya yini yana ba da haƙuri. Ya dawo ya ce mana ganawa suka yi da manya.

Zuwa lokacin ba wanda bai san gidan ba. Masu zaman banza sun kafa benci a tsallake, ana sayar musu da gyaɗa, suna musu a kan wace mota ce za ta sha kwana wace ce za ta shiga. Shaguna uku babu kowa. Abin da ya rage wa Hange daga kuɗin tsohon gida ya tafi a bulo da siminti da ƙofofi. Birkilan ma ya ɗauko katifarsa ya tare a unguwar.

Sai Yaya ya zo shagona da kansa ya samu Hange. Mutum ne mai gajeriyar magana.

"Kayana sun taso. Ina son garejina ƙarshen mako."

"Yaya, ai mun kusa..."

"Ƙanwata da 'ya'yanta ba za su kwana a titi ba, in ta kama su dawo ɗakin mahaifiyarmu. Kai kuma ka san inda dare ya yi maka."

Ya fita. A karon farko na ga Hange ya zauna ya yi tagumi. Na ɗauka hankali ne ya iso. Ashe wata dabarar ce take tsiro.

Ya koma wajen Bakin Zuma ya ce a nemo masa mai saye. Bakin Zuma ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan nan ba a sayar da shi sai hanya na rufe. Ka jira kwalbatin ya sake karyewa." Maimakon Hange ya shaƙe shi, sai ya rungume shi.

"Wanzam, na gano sirrin kasuwar," ya ce mini yana haki. "Ba gida ake sayarwa ba, rana ake sayarwa. Hanya ce dai? Ni zan rufe ta."

Na ce, "Kai da aka cuta, kai ne kuma za ka cuci wani? In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Ba mugunta ba ce, dabara ce. Shi ma in ya gaji ya rufe hanya ya sayar."

Maman 'Yan Biyu da ta ji, cewa ta yi, "Baban 'Yan Biyu, ka ji tsoron Allah. Wancan mutumin shi ma yana da iyali."

"Ke ba ki san harkar ƙasa ba," in ji shi.

Ya ari gangunan ƙarfe wajen wani mai sayar da man gyaɗa, ya ce biki zai yi da su. Da sassafe ya kai su kan tudu ya jera suka tare titi, ya jingina allo: ANA AIKI. Mai fanel bita ya ba shi shawara ya cika su da yashi. Hange ya ce yashi da kuɗi ake saye, kuma direba ba ya leƙa cikin ganga.

Mai sayen da Bakin Zuma ya samo wani attajiri ne mai kantunan katifa, mai tumbi da sanda. Hange ya kafa rumfa a gaban gidan, ya jera kujerun roba, ya sayo lemo, ya gayyato mu shaida. Ni na zo ne don in ga ƙarshen abin, tela ma ya rufe shago ya biyo ni. Attajirin ya iso a sabuwar mota fara, ko ledar kujerun ba a cire ba, ya ajiye ta daidai ƙofar shagon tsakiya. A tsallake na ga mai janwe ya tashi yana duba man motarsa, tsohon mai ɗori kuma ya fara warware bandeji.

Titi shiru. Har awaki sun dawo.

Hange ya miƙe da tabarau uku ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ni ba mai yawan magana ba ne." Tela ya ƙware da lemo. "Amma unguwar nan, ko ƙuda zai wuce sai ya nemi izini. Ba don zan koma harkar manyan benaye ba, da ko da zinariya ba zan rabu da gidan nan ba. Ka saurara da kunnenka. Me ka ji?"

Attajirin ya karkata kai ya saurara. "Kamar ana kiɗa."

Ana kiɗa kuwa. Can sama aka fara jin dum, dum, dururum. Abin da ya faru shi ne motoci sun taru a bayan gangunan tun safe, layi har ya ɓace wa gani. Direbobi suka sauko suka duba, ba ma'aikaci, ba rami, ba ko shebur. Na gaba ya zuciya, ya sa hancin motarsa ya ɗan ture ganga ɗaya, ita kuma ta ture 'yan uwanta.

Muka ɗaga kai muka ga ganguna suna gangarowa suna tsalle-tsalle, kowace da muryarta. Awaki suka fara tashi, da yake su 'yan unguwa ne. Bakin Zuma ya bi su, jakarsa a hammata. Tela ya haye katanga da kwalbar lemo a hannu. Attajiri ya yar da sanda ya nuna mana ashe tumbi ba ya hana gudu. Gangunan suka share kujeru, suka ɗauke ƙafafun rumfa, rumfar ta rufto a kan Hange yana tsaka da cewa, "Jama'a a kwantar da hankali, cikin shiri ne."

Ba a nan ta tsaya ba. Motocin da aka tsare tun safe suka sako gaba ɗaya, hanci da wutsiya, kowa na huce haushi. Ta gaba babbar mota ce shaƙe da kankana. Ta taka wata ganga da ta maƙale a tsakiyar gangara, ta yi rawa, direba ya danna hon ya riƙe. Ba ta sha kwana ba. Ta sa goshi a bayan farar motar attajiri ta tura ta cikin shagon tsakiya tsaf, kamar dama gareji aka gina mata. Kankana ta yi ta zuba har tsallaken titi.

Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Tsohon mai ɗori ya naɗe bandejinsa yana tsaki.

Direban ya sauko, wani dattijo mai furfura, ya je ya shafa abin da ya rage na katanga. "Sannu, Gidan Birki. Ka sake ceto na."

Attajirin ya fito daga bayan rumfar mai gilashi, hula a hannu. "Me ka kira shi?"

"Gidan Birki mana. Ai duk direban da ke bin hanyar nan ya san shi. In birki ya ƙi, sai ka saita shi ka yi salati. Ba don gidan nan ba da tuni mun faɗa kwarin da ke baya. Wa ke da shi yanzu, in yi masa godiya?"

Rumfa ta motsa. Hange ya rarrafo daga ƙarƙashinta, tabarau ɗaya ya rage, shi ma ido guda. 'Yan benci suka nuna shi baki ɗaya.

"Allah ya saka da alheri," in ji direban, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Sai dai wani marar tsoron Allah ya tare hanya da ganguna yau. In na kama shi..."

"Ni ma nemansa nake," in ji Hange. "Mutane ba su da imani."

Daidai nan mai man gyaɗa ya sauka daga babur, ya dubi gangunansa da suka lanƙwashe kamar gwangwanin madara, ya ɗora hannu a ka. "Hange! Wannan ne bikin da ka ce za ka yi da su?"

Dariyar da aka yi a kwanar nan, na tabbata an ji ta a kan tudu. Attajirin bai yi dariya ba. Ya ɗauki sandarsa ya kaɗe, ya ce motarsa ba za ta fita daga shagon nan ba sai Hange ya mayar da ita yadda ta zo. Har yau tana ciki. Ita ce ɗan hayan da ya fi kowa daɗewa a gidan, kuma ba ta biya.

Ƙarshen mako kayan Yaya suka iso. Ya turo mota ta kwashi ƙanwarsa zuwa ɗakin mahaifiyarsu. Kowa ya ɗauka shi ke nan, gidan Hange ya watse, kuma ba mai ganin laifinta. Amma Maman 'Yan Biyu ta ce wa direba ya kai ta kan kwana. Akwai ɗaki ɗaya can ƙuryar baya, kusa da rijiya, wanda tun da aka gina gidan mota ba ta taɓa kaiwa gare shi ba. Nan ta sa aka sauke gado. Ni na kama musu kaya, don haka a gabana aka yi.

Hange ya shigo yana murza hannu. "Kin gani ko? Dama na ce za mu kwana a kan kwana."

Ta buɗe akwati ta ciro wani jan ɗankwali, ta ɗaura shi a sandar tsintsiya, ta miƙa masa.

"Mu za mu kwana," in ji ta. "Kai za ka tsaya. 'Ya'yanka suna bayan katangar nan. Ka hau tudun can, duk motar da ta taso ka tsayar da ita ta gwada birki kafin ta gangaro. Ka ce kana hangen nesa, to ga nesa, je ka hanga."

Ta shiga da 'yan matanta ta rufe ƙofar, na ji ta sa sakata.

Yanzu teburin tabarau ya koma kan tudu, jar tuta a jingine da shi. Direbobi na kiransa mai gadi, yana gyara musu yana cewa mai gida, su kuma su ce ai duk ɗaya ne. Tunda ba ya iya barin wurin, ni nake hawa in yi masa aski da almakashi.

Kwanan baya ina cikin yi masa, wani saurayi ya tsaya yana gwada tabarau, ya ce shi ma yana tara kuɗi ya sayi fili. Hange ya gyara zama, na ce to, an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Ka zo wajen da ya dace. Ni da kake gani, ni kaɗai ne mai gidan da kwastoma ke zuwar masa a guje. Mu masu hangen..."

Sai muka ji kukan babbar mota daga bayan tudu. Bai ƙarasa ba. Ya zabura da ƙyallena a wuya, rabin kai a aske, ya fizgi tutar. Kafin ya shiga titi na ga ya waiga ƙasa. Can a tsakar gidan, 'yan biyu na tsugune suna zuba ruwa a wani ɗan dashen lemo da uwarsu ta kafa a gindin rijiya. Ya tsaya a tsakiyar kwalta yana kaɗa jan ɗankwalin da hannu biyu, har motar ta yi tsaki ta tsaya a gabansa.

Da ya dawo ya zauna, ƙeyarsa ta jiƙe da gumi. Saurayin ya ce, "Baba, kana cewa ku masu hangen me?"

Hange ya daɗe yana kallon gidan. Sannan ya ce, "Kafin ka biya, ka je ka gaida maƙwabta. In tsoho ya fara magana, ka bari ya ƙarasa."

Ya sunkuyar mini da kai na ci gaba da aski.